Daga tallan kwala zuwa fagen daga: nazarin siffar jaruman Team Fortress 2

A shekarar 1999 kamfanin Valve na jihar Washington a Amurka ya nuna wa jama'a wani wasan kwamfuta da yake haɗawa, Team Fortress 2. Wasan yaƙi ne irin na zahiri a lokacin: sojoji cikin kaki, hular kwano, jakar baya da bindiga. Bai shiga kasuwa ba sai watan Oktoba na 2007, kuma da ya fito ya sauya kama gaba ɗaya. Sojojin nan masu kama da juna sun kau, jarumai tara suka maye gurbinsu, kowanne da zubinsa. Wurin da ma'aikatan Valve suka je neman mafita shi ne abin da ya kamata mai zane ya tsaya ya duba. Sun koma ga masu zanen mujallu da talla na farkon ƙarni na 20, suka ambaci uku da suna: Dean Cornwell, Norman Rockwell da J. C. Leyendecker. Na ukun nan, wanda aka fi ganin hannunsa a jikin jaruman, da zanen tallan tufafin maza ya yi suna.

Matsalar da ake son warwarewa

A zagaye ɗaya na wasan mutum 24 kan iya haɗuwa, rabi ja rabi shuɗi, kowa ya zaɓi ɗaya daga cikin jarumai tara. Jaruman ba ƙarfinsu ɗaya ba. Heavy yana da makin rai 300, wato ma'aunin raunin da zai iya jurewa kafin ya mutu, amma nauyin jiki ya hana shi sauri. Scout 125 kawai gare shi, sai dai babu mai kamo shi a guje. Medic yana da 150, kuma muddin yana tsaye yana yi wa abokansa magani, harbin da kake yi musu asara ne. Mai wasa da ya ɓullo daga kwana ya ga mutum a gabansa ba shi da ko daƙiƙa ɗaya cikakkiya kafin ya yanke shawara: ya tunkara, ya ja da baya, ko ya bar wannan ya nemi na bayansa.

Idan kowa kaki ya sa, bambancin yana komawa kan ƙananan abubuwa, kamar tambarin kafaɗa ko tsawon bakin bindiga. Waɗannan kuwa su ne farkon abin da nisa ke cinyewa.

A maƙalar da Jason Mitchell, Moby Francke da Dhabih Eng na Valve suka gabatar a 2007, da jawaban da suka biyo bayanta, an jera tambayoyin da idon mai wasa ke yi. Na wane ɓangare ne? Launi ke amsa wannan. Wane jarumi ne? Inuwar siffa ke amsawa. Wane makami ke hannunsa? Wannan aikin haske ne, domin an tara mafi tsananin bambancin haske da duhu a daidai ƙirji, inda ake riƙe makami. Inuwar siffa ita ce abin da ya rage idan aka shafe mutum da baƙin fenti tun daga hula har takalmi, ba fuska, ba maɓalli, ba launi. Da ita ake gane maƙwabci da almuru tun yana bakin layi, daga zubin rigarsa da takunsa.

Abin da mai zanen tufafi ya riga ya sani

An haifi Leyendecker a Jamus a 1874, ya tashi a Chicago, ya yi karatun zane a Paris, ya rasu a 1951. Ya zana bangon mujallar Saturday Evening Post sau 322. Amma aikin da ya shafe mu shi ne na talla: kwalar riga ta Arrow da kamfanin Cluett, Peabody ke yi, kwat na Kuppenheimer, da safar Interwoven. Wanda ya ba shi aikin ba labari yake so ba, so yake mai buɗe mujalla ya gane yankan rigar kafin ya juya shafi. Sau da yawa bayan hoton fili ne, babu ɗaki babu titi, saboda haka gefen jikin mutumin ne ke ɗauke da saƙon duka: kusurwar kafaɗa, inda kwat ta matse a ƙugu, inda bakinta ya tsaya, karin gugar wando har zuwa takalmi.

Matsalar mai tallan kwat da ta mai tsara jarumin wasa ɗaya ce a nan. Dukansu suna da mai kallo da ba zai tsaya ba.

Abu na biyu da Leyendecker ya ƙware a kai shi ne ninkin yadi. Idan ka kalli hannun riga na gaske, ninki ya fi ashirin, manya da ƙanana, kowanne ya nufi inda ya ga dama. Shi kuwa yakan zaɓi kaɗan, ya miƙe su, ya ba su kaifi kamar an sassaƙa su, kuma ya sa su bi hanyar da gefen jiki ya bi. Maƙalar Valve ta ɗauki wannan a matsayin ƙa'ida: a rage ƙananan kwalliya gwargwadon iko, kuma ninkin da aka bari a cikin jiki ya maimaita layin inuwar siffa. Dalilin a fili yake. Ninkin da ya gitta wa layin gefe yana yanka jikin gida biyu a idon mai kallo. Wanda ya bi layin kuwa ƙarfafa shi yake yi, ko da an tsaya a wurin da gefen ya saje da bango.

Masu tsara tufafi suna da wata al'ada da ke da amfani sosai, wato kiran zubin riga da harafi. A 1954 da 1955 gidan ɗinkin Christian Dior a Paris ya fitar da zubin H, da na A, da na Y. Harafin yana gaya maka inda faɗi yake da inda matsi yake, kafin a yi maganar yadi ko launi. Valve ba su ce da haruffa suka yi aiki ba, amma idan aka auna jarumansu da wannan ma'auni, sai a ga dalilin da ya sa suka rabu.

Medic zubin A ne. Kafaɗarsa matsakaiciya ce, bel ya ɗaure ƙugu, sai farar rigar likita ta baje daga nan ta sauka wajen gwiwa, dogayen takalma suka fito daga ƙarƙashinta sirara. Shi kaɗai ne cikin taran yake da yadi mai lilo a ƙasan jiki. Wannan zaɓi ne mai kyau ƙwarai, domin shi ne wanda kowa ke buƙatar ganowa da wuri, abokansa don su kare shi, abokan gaba don su fara da shi. Ko jakar maganin da ke bayansa ta ɓuya, bakin rigar ya isa.

Heavy kishiyarsa ne, zubin Y ko V. Duk nauyin yana sama: kafaɗa da damatsa manya, kai ƙarami an dasa shi kusan ba wuya, ƙafafu gajeru. Falmaran ɗin da ya sa ba ta ƙara masa komai a gefe, aikinta ta tattara gangar jikin ta zama dunƙule ɗaya, ta bar hannuwan su fito fili.

Scout siriri ne, amma sirantaka kaɗai ba ta isa ba, tunda Sniper, mai harbi daga nesa, da Spy, ɗan leƙen asiri, ma sirara ne. Abin da ya raba shi yana ƙasan gwiwa. Wandonsa ya tsaya a nan, doguwar safa ta kama ƙwauri, sai ƙafar ta zama kamar sanda a ƙarƙashin wando mai ɗan kumburi. Wannan karyewar layi a gwiwa ita ce ke nuna gudu tun kafin ya motsa. Sniper an ba shi hula mai baki da ɗan ranƙwafawa, ga doguwar bindiga da ke fita daga jikinsa. Spy kuwa shi ne ɗan gidan Leyendecker na gaskiya: kwat mai kama jiki, tsayuwa a miƙe, kai a rufe da hula mai manne wa fata, babu abin da ya fito ta gefe. Zubin H ne tsantsa, kuma a tsakiyar mutane takwas masu jakunkuna da kayan da suka fito ta gefe, rashin waɗannan shi ne alamarsa. Siraran layukan da ke jikin kwat ɗinsa suna ɓacewa daga nesa, kuma babu asara, domin ba su aka ɗora wa aikin gane shi ba.

Biyun da suka fi kusa da juna su ne Soldier, wato soja, da Demoman mai bama-bamai, dukansu masu matsakaicin tsayi da kauri. An raba su a wuya da ƙugu. Soldier yana da faffaɗar hular kwano da ta rufe idanu, rigarsa ta ɗan baje a ƙasan bel, makaminsa a kan kafaɗa. Demoman hularsa ƙarama ce, amma rigar sulken da ya sa tana da tsayayyen wuya, ga wani falle da ya sauka ta gaba. Pyro mai feshin wuta nauyinsa ya zubo ƙasa cikin sakakkiyar riga, da tulun iska a baya. Engineer shi ne gajeren cikinsu.

A lura da abu ɗaya da ya ratsa dukansu: inda tufa ta ƙare. Ta Medic a gwiwa, ta Soldier a saman cinya, ta Spy a kwatangwalo, wandon Scout a ƙasan gwiwa. Kowane tela ya san tsayin riga ne ke sauya kamannin mutum fiye da aikin da ke wuyanta, amma masu zanen jarumai da yawa sukan manta, su tsayar da rigar kowa a bel.

Abin da bai kamata a kwaso ba

Ɗaliban zanen tufafi suna koyo a kan wani ƙwarangwal, wato zanen jikin da ake ɗora wa tufa, mai tsayin kai tara (tsawon jikin ya ninka na kai sau tara), alhali mutum na gaske yana kai kimanin kai bakwai da rabi. Ƙarin yawanci a ƙafafu ake sa shi, don yadi ya sami wurin zuba. Ƙwarangwal ɗin iri ɗaya ne ga kowace riga, da gangan, domin rigar ake sayarwa, ba mai sanye da ita ba. Mazajen Leyendecker ma kusan zubi ɗaya ne, dogaye masu faɗin kafaɗa da tsayayyen muƙamuƙi.

Nan ne mafi yawan masu kwaikwayo ke faɗawa rami. Sun ga zanen tufafi yana da kyau, sai su ɗora jarumai biyar a kan ƙwarangwal ɗaya, su sauya musu kaya. Sakamakon shi ne 'yan gida ɗaya sun yi anko daban-daban, kuma da an shafe su da baƙi sai su koma mutum ɗaya. Valve sun ɗauki yadda ake sarrafa yadi, suka bar ƙwarangwal ɗin. A ƙarƙashin tufafin kowane jarumi akwai nasa rabon: tsawon ƙafa idan aka gwada da gangar jiki, girman kai, faɗin tafin hannu. Tufa tana ƙara wa bambancin da ke jiki ƙarfi ne, ba ta ƙirƙiro shi daga babu.

Abu na biyu shi ne tsayuwa. Zanen tufafi hoto ne guda, daga gaba ko ɗan karkace, mutum ya ɗora nauyi a ƙafa ɗaya, layin kafaɗa da na kwatangwalo sun karkata saɓanin juna. Jarumin wasa kuwa ana ganinsa ta baya, ta gefe, daga sama, yana gudu, yana tsugune. Siffar da ta yi kyau ta gaba kaɗai ba ta gama aiki ba. Motsi ma yana cikin shaida: Spy yana iya ɗaukar kamannin kowane abokin gaba, amma idan ya ɗauki na Scout ba ya samun saurinsa, kuma gogaggen mai wasa da wannan yake kama shi.

Haske

Zanen barkwanci yakan kewaye mutum da baƙin layi. Valve sun bi masu zanen talla, suka fito da gefen jiki da siririn haske maimakon layi, kuma suka fi ƙarfafa shi a sassan da ke kallon sama, kamar kafaɗa da saman hula, don ya zama kamar daga sararin sama yake saukowa. Inuwar jiki ba ta tafiya baƙi ƙirin, tana karkata zuwa shuɗi-shuɗi, kuma a kan iyakar haske da duhu launin yana ƙara kauri, galibi ja-ja. Su kansu tufafin an jera su daga duhu zuwa haske: takalmi da wando masu duhu, launin ɓangare da haske a ƙirji. Ido yana hawa daga ƙasa ya tsaya inda makami yake.

Yadda za a bi wannan hanya

Valve sun nuna jerin aikinsu: inuwar siffa da farko, sannan manyan sassan ciki, sannan takardar da ke nuna jarumi ta kowace fuska, sannan samfurin 3D (siffar kwamfuta da ake juyawa ta kowane ɓangare), launi daga ƙarshe. Mai aiki shi kaɗai da takarda ko waya zai iya bin wannan.

Kafin a zana komai, a rubuta aikin kowane jarumi cikin jimla ɗaya, a ba shi harafi. Idan biyu sun faɗa harafi ɗaya, a yanke tun yanzu a ina za su rabu, a wuya, a ƙugu ko a gwiwa. Daga nan a yi ƙananan zane masu tsayin santimita 3 zuwa 4, guda 20 zuwa 30 ga kowane jarumi, da alƙalami mai kaurin baki wanda ba zai bari a zana ido ko maɓalli ba. Ƙanƙantar da kaurin bakin da gangan ne. Babban zane yana jan hannu zuwa fuska, kuma da an zana fuska mai kyau, zuciya ba ta ƙara yarda a jefar da siffar ko da ba ta da kirki.

A kowane ƙaramin zane a sauya abu ɗaya daga cikin huɗu: layin kafaɗa, tsayin ƙugu, inda bakin tufa ya tsaya, da nauyin yadi. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa. Yadi mai kauri ko mai sitaci yana tsayawa nesa da jiki, ya karye a miƙe, ninkinsa kaɗan ne manya. Mai laushi yana bin jiki, ya zubo da ninki sirara masu yawa, gefensa a lanƙwashe. Idan aka zana gefen shadda mai sitaci amma aka cika cikinta da ninkin boyel, mai kallo zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai san mene ne ba. Ninki kuma ba ya fitowa haka kawai, yana tasowa ne daga inda aka ja yadi ko aka rataye shi: kafaɗa, gwiwar hannu, bel, gwiwa. Uku zuwa biyar a kowane sashe sun isa, sauran a share.

A bar sarari tsakanin hannu da gangar jiki, da tsakanin ƙafafu. Hannun da ya manne da jiki ya ɓace a baƙar inuwa, har da abin da yake riƙe da shi. A duba daidaito da layin da masu zanen tufafi ke amfani da shi: a sauke miƙaƙƙen layi daga ramin wuya zuwa ƙasa, ya faɗa kan ƙafar da ke ɗauke da nauyi, ko tsakanin ƙafafun idan an raba nauyin. In ya faɗa waje, mutumin faɗuwa yake yi.

Gwajin gaskiya shi ne a jera dukan jaruman a layi ɗaya, baƙaƙe a kan fari, a rage su zuwa tsayin da za su kai a allon waya, a miƙa wa wanda bai taɓa ganinsu ba. Kada a tambaye shi ko sun yi kyau. A tambaye shi wane ne mai gudu, wane ne mai ƙarfi, wane ne babba. A sake gwajin ta gefe da ta baya. Sannan a cire musu makamai da huluna a sake. Jarumin da ya ɓace da zarar an karɓe sandarsa, sandar aka tsara, ba shi ba.

Mai zana mutanenmu yana da wata wahala ta daban, domin babbar riga da hijabi da mayafi suna haɗiye rabon jikin da Valve suka dogara da shi. Dattijai uku cikin babbar riga za su iya zama akwati uku. Amma kayan aikin suna nan a jikin tufar. Wanda ya naɗe hannun rigarsa duka biyu kan kafaɗa ya zama mai faɗin sama, hannuwa da wando sun fito. Wanda ya sake su ya zama zubin A har ƙasa. Wanda ya naɗe ɓangare ɗaya ya karkata, kuma karkatar tana nuna hali. Sabuwar shadda tana tsayawa da kusurwa, tsohuwar da ta sha wanki tana zubowa. Tsayin zanna bukar daban, kunnuwan haɓar kada daban, girman rawani daban. Haka mayafin da aka yafa a kafaɗa ɗaya ya bar gwaggwaro a fili, ba ɗaya yake da hijabin da ya sauka daga kai zuwa gwiwa ba tare da karyewa ba.

Inda tsarin ya fara sassautawa

A watan Mayu na 2009 Valve suka fara saka huluna na ado a wasan. A 2010 aka buɗe shagon sayar da kaya har da fentin da mai wasa zai shafa wa hularsa, a 2011 wasan ya zama kyauta, kayan adon suka yi ta ƙaruwa. Wannan ya zama gwajin da ba a shirya ba ga aikin 2007.

Inuwar siffa ta jure fiye da yadda za a zata, saboda an gina ta a gangar jiki, ƙafafu da tafiya. Heavy da doguwar hula Heavy ne. Waɗanda suka fi jin jiki su ne waɗanda kai ke ɗauke da kaso babba na shaidarsu, kamar Sniper da Engineer, da kuma Spy wanda santsin kansa ne alamarsa. Ɓarnar da ta fi girma a launi da haske ta faru. An tsara ido ya tsaya a ƙirji, sai ga hula kore shar ko ruwan hoda tana fizge shi zuwa sama, kuma launin da ba ja ba shuɗi ba yana jinkirta amsar tambaya ta farko, wato na wane ɓangare ne.

Wanda ke tsara jarumai da za a riƙa sauya musu kaya nan gaba ya rubuta iyakokin tun a takardar farko: sassan da ba a taɓawa, kamar bakin rigar Medic ko ƙwaurin Scout; iyakar faɗi da tsayin abin da za a ɗora a kai, a auna shi da faɗin kafaɗar jarumin; da launukan da aka yarda da su a saman wuya, waɗanda haskensu bai kai na ƙirji ba. Duk sabon kaya a sa wa jarumin, a mayar da shi cikin layin baƙaƙen nan tare da sauran, a sake miƙa wa baƙon ido kafin a amince da shi.